Tasar Gidan Barmo

A zamanin da, an yi wani sarki mai son labaran magabata. Wata rana ya sa aka yi shela cewa kowane gida ya kawo tsohon abin da ya gada, ya faɗi tarihinsa gaban fadawa. Wanda kuwa ya kawo sabo ya ce na kaka ne, za a ɗora shi kan jaki, fuska na kallon wutsiya, a zaga kasuwa da shi.

To, akwai wani baduku, Barmo, mai tasar tagulla da tsufa ya mai da ta baƙa ƙirin. Ranar zuwa fada ya farka ya tarar matarsa Tarana ta dirje ta da tsamiya da toka, tana ƙyalli sai ka ce jiya ta bar maƙera.

"Tarana, kin kashe ni!"

"Haba maigida, da wannan dauɗa za ka je gaban sarki? A ce ba ka da mata?"

Haka suka tafi fada. Barmo ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kakanka da ya kafa garin nan ƙishirwa ta jefo shi ƙofar kakana. A tasar nan aka ba shi ruwa. Da zai wuce ya ari murfin don sha a hanya."

Sarki ya leƙa tasa, ya ga har gemunsa a ciki. Ya ce, "Madalla da tsohuwa mai fuskar amarya. A kawo jaki."

Barmo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kullum a kasuwar nan yake baza fatunsa, kowa ya san shi.

Waziri ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, jaki ba ya sauri. Mutumin nan ya ce aro aka yi. In gaskiya ne, shaidarsa na gidanmu. Akwai wani murfi da ake ba tantabarun fada ruwa a ciki, tun ina yaro ba a san tasarsa ba."

Aka ɗauko shi, baƙi, duk kashin tantabaru. Waziri ya kifa shi kan tasa, ya zauna daram, har lotsewar gefensa ta dace da ta tasar.

Sarki ya yi dariya ya ce, "Ashe mu ne masu riƙe kayan mutane. Barmo, karɓi murfinka, ka yafe wa kakana jinkiri."

Tarana ta matso tana yatsine fuska. "Ranka ya daɗe, a miƙo mini shi nan. Akwai sauran tsamiya a gida."

Fada duka ta ɗauka, "A'a!"

Nan take sarki ya hana murfin nan taɓa ruwan wanki har abada. Suka koma gida, Barmo na rungume da shi cikin riga, Tarana na biye tana hararar murfin.