Keken Guragun Pak Sudarmaji

A birnin Semarang an yi wani shugaban kamfanin man girki, Pak Sudarmaji, mutum mai ƙiba da fara'a, wanda bakinsa bai taɓa iya furta "na yi kuskure" ba. Ko ƙafarka ya taka, sai ya tambaye ka abin da ya kai ta ƙarƙashin takalminsa.

Shekara da shekaru kamfaninsa na bin gidajen abinci yana sayen man da aka gama suya da shi, a tace, a ɗura a sababbin goruna. Da asiri ya tonu, hukuma ta kira shi. Lauyansa ya ce, "Pak, ka amsa laifi, ka janye kayan daga kasuwa. Yanzu da sauran sauƙi." Ya ƙi. Ya yi abin da manya suka saba: ya kwanta ciwo.

Aka kai shi asibitin kuɗi. Duk ranar da aka aiko kira, sai jininsa ya hau. In fita ta zama dole, sai a turo shi a keken guragu, bargo a cinya, baki a karkace. Matarsa, Bu Ningsih, ita ke turi.

Ta ce, "Mas, maigidana, bayana ya ƙage. Wane irin majinyaci ne kullum sai ƙara nauyi?"

"Yi a hankali, ga 'yan jarida can."

"Jiya hagu ka karkatar da bakin, yau kuma dama."

"Ciwon ne ke yawo."

Damina ta shigo ta fita yana kwance. Ya gaji da kunun shinkafa babu gishiri, ya gaji da kallon silin, ga ƙanshin tsiren akuya na shigowa ta taga, ba damar aike. Kamfanin kuwa ya bar shi a hannun Hartoyo, ƙanin matarsa, wanda da shi aka ƙulla komai.

Ranar da aka zauna a kotu, aka kira Hartoyo shaida. Ya tashi yana share ido. "Mijin yayata ya daɗe ba ya cikin hayyacinsa, ga shi nan kuna gani. Shi kaɗai ya ba da umarni, mu ba mu san komai ba. Masu hannun jari ma sun sauke shi, sun ɗora mini nauyin kamfanin."

Pak Sudarmaji bai san lokacin da ya yar da bargo ba. Ya miƙe tsaye, ya ratsa ɗakin da sauri, ya cafki kwalar Hartoyo.

"Munafuki, wa ya sayo injin tacewar? Ba kai ba ne?"

Alƙali ya cire tabarau ya dube shi.

"Barka da samun sauƙi, Pak. Ci gaba, wane inji?"

Bu Ningsih ta zagayo ta zauna a keken, ta tuɓe takalmi, ta miƙe ƙafafu. Tana zaune aka fita da mijinta da Hartoyo, kowanne da ɗan sanda a gefe. Hukuncin mijinta ya ninka abin da lauya ya ce zai samu tun farko.

Darasin a nan shi ne, in an kama ka da laifi, amsa shi tun kana da ikon gyarawa. Wanda ya tsaya wasa da hankalin mutane, kansa yake gajiyarwa da iyalinsa, kuma abokin cutarsa ne zai fara sayar da shi.