Injin Sussukar Kimba

Akwai wani maƙeri a Kende, ƙasar Bagudo, ana ce masa Kimba. Shekarar da aka samu 'yancin kai ya haɗa injin sussukar shinkafa da sarƙar tsohon keke da ganga da katako da ƙusoshi. Mutum ɗaya ya taka feda, sai ya gama aikin da mata goma ke wuni suna yi da sanduna.

Gari ya ɗauka. Amma duk wanda ya yabi injin a gaban Ɗanaudu, ɗan wan baban Kimba, sai ya ga ya haɗe rai. Shi ma maƙeri ne, kuma kowa ya san ya fi Kimba hannu.

Kimba ya same shi a maƙera.

"Yaya, haƙoran injin suna lanƙwashewa. Kai ka san ƙarfe. Zo mu gyara tare. In malamin gona ya kawo takardar rajistar injin, a sa sunanmu mu biyu."

Ɗanaudu bai ɗago kai ba. "Ni na koya ma riƙon guduma. Yanzu kuma in koma bayanka? Tafi da tarkacenka."

Ranar kasuwar Bagudo, da Kimba ya tafi sayen ƙarfe, Ɗanaudu ya lallaɓa ya auna injin da igiya. Cikin mako uku ya ƙera nasa, ya fi na Kimba kyan gani. Ya ɗora shi a jirgin ruwa ya tsallaka Dahome, wadda yau ake kira Benin, yana cewa shi ya ƙirƙiro.

Abin da bai sani ba, Kimba ya shafe wata biyu yana gwada tazarar da ke tsakanin ganga da katako kafin ya dace. Manomin farko da ya kawo daminsa, injin Ɗanaudu ya farfasa masa shinkafa ta koma tsaki. Mutanen ƙauyen suka ce ya kwashe kayansa.

A makon ne malamin gona ya zo Kende. Kimba ya roƙe shi ya jira, ya je gidan Ɗanaudu da kansa don a sa sunansu tare. Batulu, matar Ɗanaudu, ta ce ya ƙetare iyaka, ba ta san ranar dawowarsa ba. Washegari Kimba ya sake komawa, bai same shi ba. Kwana biyu aka jira, sannan aka rubuta sunan Kimba shi kaɗai.

Daga baya aka ɗauki Kimba aikin ƙera injinan noma a birni. Ya ƙara yin rajistar injin shuka da na ban ruwa.

Da Ɗanaudu ya dawo, Batulu ta ce, "Malam, ƙanenka ya zo har ƙofar ɗakin nan. Sau biyu."

 Ɗanaudu ya tashi ya hura wuta, ya ci gaba da ƙirar fartanya.

Darasi: Mai hassada kansa yake hanawa. Idan Allah ya ɗaga ɗan'uwanka, matsa kusa da shi, wataƙila da rabonka a ciki. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.