Ciyawar da Ranau Bai Sani Ba

A zamanin da, tun ƙasar nan tana da giwaye fiye da garuruwa, an yi wani maharbi da ake kira Ranau. Mutumin tudu ne, haifaffen ƙasar rairayi, inda ƙaya ta fi ganye yawa. Tsofaffi sun ce idan ɓauna ta taso masa sai ya rikiɗe ya zama kututture ta wuce, kuma bai taɓa harba kibiya biyu a kan nama ɗaya ba. Maroƙa suna yi masa kirari da "Ranau kunnen daji, mai kwana inda dare ya yi, mai sanin sunan kowane haki." Na ƙarshen nan shi ya fi yi masa daɗi, don in aka faɗe shi har tafiyarsa takan canza.

Aka yi fari shekara uku a jere. Rijiyoyi suka ƙafe, rumbuna suka koma ɗakin ƙadangaru. Ranau ya bi sawun wani gwanki kwana goma sha ɗaya yana yin kudu, har ya kai shi wata fadama mai sanyi, kore shar, ga giginya ga ɗinya. Bai harbi gwankin ba, ya juya gida ya ba da labari. Gida arba'in suka ɗaure kaya suka bi shi, shugabansu wani dattijo mai suna Kosau. A hanya wani baƙo mai haƙar rijiya ya shiga ayarin. Sunansa Cindo, don da yatsu shida aka haife shi. Ba shi da kowa a cikinsu, dagi da igiya su ne danginsa.

Al'adar mutanen nan ita ce, in an sauka baƙuwar ƙasa, ba ganyen da ke shiga tukunya sai maharbi ya duba ya ce a ci. Ran kwana na bakwai da saukarsu, wata tsohuwa mai suna Marka ta jagoranci mata suka dawo daga fadama da kwanduna, suka zube a gaban Ranau. Jama'a ta kewaye shi, maroƙi yana ta zuba masa kirari. Ranau yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana faɗi: wannan tafasa ce, wannan lalo, wannan rama. Sai Marka ta miƙo masa wata ciyawa da ta tumɓuko da saiwarta. Karanta yana da kogo a ciki, da ɗigo-ɗigo ja kamar an yayyafa masa jini, furenta fari, saiwarta fara sol kamar rizga.

Ranau bai taɓa ganinta ba. Ina zai gan ta, shi da ya girma inda ruwa ba ya kwana? Ya murza ganyen ya kai hanci, ya ji warin fitsarin ɓera. Ya kuma tuna ya ga sawun namun daji suna ratse mata a bakin ruwa. Abin da ya kamata ya ce bai fi kalma uku ba, kuma ba mai dukansa in ya faɗa. Amma idanu sun yi masa yawa, kirarin kuma bai gama sauka daga kunnensa ba. Sai ya yi murmushi ya ce 'yar'uwar rizga ce, a ci.

Magana zarar bunu ce. Da yake saiwar ba ta da yawa, Marka ta kai wa Hakama matar Kosau don girmamawa. Hakama ta dafa, ta zuba a akushi ta aika wa Ranau da nasa rabo. Shi kuwa ya mayar, ya ce maharbi mai shirin shiga daji ba ya cin abin cikin ƙasa. Babu wannan doka a harkar farauta, a nan take ya ƙirƙiro ta. Bakin da ya iya kare cikinsa ya kasa kare na matar da ta ciyar da shi tun daga hanya.

A wannan rana ce Cindo ya cim ma ruwa a rijiyar da yake haƙa. Kosau yana tsaye a bakinta, kuma bisa al'ada aka kai ƙwaryar farko gidan shugaba. Hakama ta sha, surukarta ta sha, ƙanen Kosau ya sha, duk bayan sun ci dafaffiyar saiwar nan. Kafin rana ta karkata ƙafafunsu suka mutu. Sanyi ya riƙa hawa daga tafin ƙafa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙirji, hankalinsu kuwa garau, suna kallon masu kuka. Kafin faɗuwar rana su ukun sun cika.

Ba wanda ya kalli tukunya, don abin da ke cikinta maharbi ya riga ya wanke shi. Kowa ya kalli rijiya. Aka tuna Cindo baƙo ne, aka tuna ba wanda ya san asalinsa, aka ƙirga yatsunsa kamar yau aka fara ganinsu. Dattawa suka zauna suka yanke cewa bayan kwana uku za a zura shi a rijiyarsa a cike ta da ƙasa, domin mugun hannu da mugun ruwa su tafi tare.

Kwana ukun nan Ranau bai ga da kyau ba. Ya hana matan ayarin zuwa fadama, ya ce ya ga sawun zaki, alhali ko na kyanwar daji bai gani ba. Ya tarar da wata akuya a bakin ruwa ta sandare, ga ganyen a bakinta, ya waiga dama da hagu ya ja ta cikin duhuwa ya binne. Mutumin da ya saba tarar giwa gaba da gaba, ga shi yana saɗaɗawa da mushen akuya kamar ɓarawo. Kunya ta kama shi har ba ya son ganin inuwarsa. In ya hango Marka sai ya sake hanya, don tsohuwar ta daina gaishe shi, sai dai ta bi shi da ido. Sau biyu yana dosar bukkar Kosau, sau biyu ƙafarsa tana kai shi wani wuri.

Ran kwana na uku da hantsi aka taru. Cindo ya roƙi a ba shi ruwan rijiyar ya sha, aka ba shi, ya shanye ƙwarya guda. Aka jira, bai ji komai ba. Sai jama'a suka ce ai dafin maciji ba ya kashe maciji. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka danƙa wa Ranau bakinta, tun da shi ne mafi ƙarfi. Cindo ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa suna reto a ciki. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya ɗago kai ya dubi maharbin.

Ya ce, "Baba Ranau, ni ban san abin da ke hannuna ba, haka aka haife ni. Kai ne ka san komai na dajin nan. In ka ce ruwana ne ya kashe su, na yarda, ka sake ni a hankali."

Da Cindo ya zage shi, da watakila Ranau ya iya sakin igiyar. Amma yardar nan ta fi kibiya shiga. Ya ja shi baya da ƙarfi har suka faɗi tare, ya kwance igiyar, sannan ya cire hularsa ta layu ya ajiye a ƙasa. Ya durƙusa a gaban Kosau.

Ya ce, "Dattijo, ba ruwa ba ne. Saiwar nan ce, ban san ta ba na ce a ci. An kawo mini na ƙi ci, na bar Hakama ta ci."

Bai rage komai ba, har zakin ƙarya da akuyar da ya binne sai da ya faɗa. Maroƙin ya sunkuyar da kai. Dattawan da suka yanke hukunci suka rasa inda za su sa idonsu, don su ma saura kaɗan su binne mai gaskiya. Samari suka ce a zura Ranau a madadinsa, shi kuwa bai musa ba, ya ma miƙa hannu a ɗaure shi. Kosau ya daɗe yana kallon ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Marka ce ta matso.

Ta ce, "Rami sutura ne, ɗan nan, ba za ka samu ba. Ciyawar tana nan, jikokinmu kuma za su yi yunwa. Je ka tone ta."

Ranau ya rataye baka da kwari, bai sake taɓa su ba. Cindo ya ara masa dagi. Tun daga ranar yake bin fadama yana tumɓuke ciyawar, yana tarawa yana ƙonawa nesa da gari, yana nuna wa kowace mace da kowane makiyayi ɗigon jan nan da warin nan. In aka kawo masa abin da bai sani ba, sai ya ce bai sani ba, a fili, kowa na ji. Ciyawar kuwa ba ta ƙarewa. Irinta yana bin ruwa, yana bin kofaton shanu, a tone ta nan ta fito can. Shekara ashirin da shida ya yi yana wannan aiki, har bayansa ya ranƙwafa. Abu ɗaya ya roƙa aka yi masa: duk wanda ya same shi yana tono, kada ya ce masa sannu da aiki, don ba aiki yake yi ba, bashi yake biya.

Garin da ya kawo mutane suka kafa bai ɗauki sunansa ba, Rijiyar Cindo ake kiransa, kuma ruwanta bai taɓa cutar da kowa ba. Har yau, da zarar ruwan farko ya sauka, zuriyar Ranau sukan fita fadama da dagi, kai ba hula. Mutanen garin nan sun iya gaisuwa, ko jaki ka ɗora wa kaya sai an yi maka sannu. Amma a ranar, aboki ya wuce abokinsa, suruki ya wuce surukinsa, matar mutum ma ta kawo masa fura ta ajiye ta juya, ba wanda ke buɗe baki.