Jan Rubutun da Yatish Ya Share

Akwai wani mutum a birnin Maisuru, sunansa Yatish. Sunan kamfanin da yake aiki ba zan faɗa ba, kuma don Allah kada a tambaye ni. Ƙaramin kamfani ne dai, a saman wani shagon magani, inda ake zana cip, 'yar ƙwaƙwalwar nan da ake sa wa na'ura. Yatish ne mai kula da kwamfutocin wurin. Ya iya aikinsa, wannan kam ba ƙarya. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ba ya iya cewa "ban gama ba". Ko kofi aka tambaye shi ya sha, sai ya ce ai tun ɗazu, alhali ga kofin nan a gabansa yana tiriri.

Babbar mai zane a wurin sunanta Sumangala, amma kowa Akka yake ce mata, wato babbar yaya. Ta daɗe tana zana wani cip da zai riƙa kashe injin ban ruwa da kansa in rijiya ta ƙafe, don kada injin manomi ya ƙone. Mai kamfanin, wani dattijo mai suna Kulkarni, ya samo musu gurbi a wata masana'anta a ƙasar waje. Masana'antar tara zanen ƙananan kamfanoni take yi ta buga su tare, kuma ba kullum ba, in bugun ya wuce ka sai ka yi watanni kana jira. Masu ƙera injin da za su sayi cip ɗin sun faɗa ƙarara, in ya yi aiki suna so, in bai yi ba za su nemi wasu. Kamfanin kuwa ba shi da wani aiki sai wannan.

To kafin a aika zane, dole a bi da shi ta cikin wata manhaja mai duba wayoyin ciki, waɗanda sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ta ga ko wata ta taɓa wata. Wadda suke haya wa'adinta ya ƙare. A wurin taro Yatish ya miƙe ya ce a bar masa. Akwai ta kyauta, zai ɗora ta a sabuwar babbar kwamfutar da aka sayo, a kan Linux, wato uwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kuma zai gama kafin ranar Ayuda Puja, ranar da ake wanke kayan aiki a yi musu ado a bar su su huta.

Akka ta tambaye shi ko ya taɓa haɗa irinta.

Ya yi dariya ya ce, "Akka, ke dai ki ja layukanki. Ni ina shiga miki zane ne?"

Ita manhajar ɗanya take zuwa, rubutu ne zalla. Sai kwamfutar ta dafa ta da kanta tukuna ta zama abin amfani, masu sana'ar harhaɗawa suke ce wa wannan. Yatish ya sa ta a hanya ya tafi cin abinci. Da ya dawo ya tarar ta tsaya. Ya sake, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Da ya duba bayanin waɗanda suka rubuta ta, sai ya ga sun faɗa a fili: tana son tsohon Linux, domin akwai wani ɓangare mai lissafin tazara da aka canza a sabon. Shi kuwa sabo fil ya ɗora, har ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya ya nuna musu.

Gyaran ba wuya. Ya goge komai, ya ɗora tsohon, ya fara daga farko. Amma hakan na nufin kowa zai wuce ya ga allon babu komai, ya tambaya me ya faru. Ransa ya ɓaci. Ya zagi waɗanda suka rubuta manhajar, ya ce malalata ne, sun maƙale a zamanin kakanninsu. Sai ya shiga cikin rubutun ya cire wurin da ke tsayar da aikin in ya ga sabon ɓangaren. Ya sake sa ta. Wannan karon ta wuce har ƙarshe, ya buga tebur don murna.

Saura abu ɗaya. Duk wanda ya harhaɗa irin wannan manhaja, sai ya bar ta ta gwada kanta. Akwai zane-zane da aka sa wa kuskure da gangan, a ga ko za ta kama. In ta kama, rubutu ya fito kore. In ta kasa, ya fito ja. Gwajin yana da tsawo, kuma sai da safiyar Ayuda Puja ya samu ya fara shi.

Ofis ya cika da ganyen ayaba da furanni da hayaƙin turare. Ana ta goge kwamfutoci ana ɗiga musu jan gari a goshi. Da an fara addu'a za a kashe komai, ba mai taɓa na'ura sai washegari. Yatish na zaune, kore na ta gangarowa a allo, yana kaɗa ƙafa. Can sai ga ja. Sai wani, sai wani. Duka kuma a wurin auna tazarar wayoyi.

Yana ɗaga kai ya hango Kulkarni yana tahowa da babban zaren furanni a hannu, Akka na bayansa, sauran ma'aikata na biye.

Kulkarni ya ce, "Yaya, yaro, amaryar tamu ta shirya?"

Yatish ya danna ya tsayar da gwajin, ya share allon.

"Tun jiya, Yallaɓai."

Aka tafa masa. Kulkarni ya rataya wa kwamfutar furen, ya dafa kan Yatish, ya ce irin su ake so. Aka fasa kabewa a bakin ƙofa, aka raba guggurun shinkafa da alewa. Yatish ya ci har ya ƙara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, bayan hutu yana da dama. Ba wanda ya hana shi sake gwajin. Ya zauna a gaban kwamfutar har ya ɗora yatsa, sai ya tuna tafin nan. Ya ce a ransa ai kore ya fi yawa, ƙila ma gwajin ne ya tsufa. Ya janye hannunsa.

Akka ta zo da zanenta. Kafin ta zauna ta tambaye shi ko manhajar ta ci gwajinta duka. A hankali ta yi tambayar, amma sai ya hau ta da faɗa. Ya ce shi ba yaron makaranta ba ne, kullum sai ta raina masa aiki, in ba ta yarda da shi ba ga kujera ta zo ta zauna ta yi da kanta. Mutane suka fara juyowa. Ta ce ya yi haƙuri, tambaya ce kawai. Ta saka zanen, manhajar ta duba ta ce babu kuskure ko ɗaya. Aka aika.

Watanni suka wuce, kwalin cip ɗin ya iso daga masana'antar. Kowa ya taru a teburin Akka. Ta ɗauki cip ɗaya da hantsaki ta ɗora a mazauninsa, ta ba shi wuta. Ba a jima ba wari ya tashi, irin na roba in ta ƙone. Ta cire ta sa wani, shi ma haka. Ta yi ta sawa har suka ƙare. Ba ɗaya mai rai.

Akka kanta ta ɗora wa laifi. Ta daina cin abincin rana, sai dai a ga kwanonta a rufe har a tashi. Ta yi ta bin zanen layi layi tana cewa wace irin makanta ce ta same ta. Yatish yana gani. Har kofi ya kai mata, ya ce kada ta kashe kanta, ƙila masana'antar ce ta yi shirme, ai an san halinsu. Kulkarni ya ɗauki maganar, ya kira masana'antar ya yi musu tas. Suka ce abin da aka aiko musu shi suka buga.

Daga nan Akka ta ɗauki zanen ta kai wa wata ƙawarta da ke wani kamfani a birnin Bengaluru, ta roƙe ta ta bi da shi ta tasu manhajar. Nan take manhajar ta nuna wurin. Wayar wuta ce ta jingina da wadda bai kamata ba, a wani lungu. Kuskure ne da kowane mai zane yake yi, shi ya sa ma ake dubawa. Da an gani, kafin kofi ya huce an gyara.

Da ta dawo ba ta ko ajiye jaka ba. Ta tsaya a kan Yatish ta ce ya sa manhajar ta gwada kanta, yanzu, a gaban kowa.

Ya ce, "Akka, abin nan yana ɗaukar lokaci fa."

"Ina za mu? Aiki muke da shi?"

Ya ce ai ya riga ya yi. Kulkarni ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya ce to ya sake. Ba yadda zai yi, ya danna. Duk ofis suka tsaya a bayansa. Kore ya yi ta sauka. Shi kaɗai ya san inda ake dosa. Da jan ya fito sai ya sunkuyar da kai tun kafin kowa ya gama karantawa.

Akka ta ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Mantawa ka yi ba ka gwada ba, ko ka ga wannan?"

Ya ƙura wa tebur ido.

"Da kai nake, Yatish. Ka gani?"

"Na gani."

"Ka gani, ka bar ni na aika. Ka gani, ka tsaya kana kallona ina zagin kaina, har da kawo min kofi." Muryarta ba ta tashi ba. "Da ka ce min ba ka gama ba, me zan yi maka? Iyakaci in kira ka sakarai. Mu jira, ka gyara, shi ke nan."

Ya fara cewa ai sabon ɓangaren ne, kuma waɗanda suka rubuta manhajar ma da laifinsu. Kulkarni ya ɗaga masa hannu. Ya ce ya ajiye makullin ofis a kan tebur ya sauka.

Korar tasa ba ta dawo da komai ba. Kulkarni ya je da kansa ya roƙi masu ƙera injin su jira bugu na gaba, suka ce sun riga sun yi magana da wasu. Kafin damina aka rufe kamfanin. Wasu suka tafi Bengaluru neman aiki, wasu suka zauna a gida. Yatish ya je har gidan su Akka don ya ba ta haƙuri. Mahaifiyarta ce ta leƙo, ta ce tana ciki, amma ta ce a gaya masa ba ta gama fushi ba, in ta gama ita za ta faɗa da bakinta. Har yau ba ta faɗa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, in an ba ka aiki ba ka gama ba, ka ce ba ka gama ba. In ka ga alamar matsala, ka faɗa tun tana ƙarama, ko da za a yi maka dariya ko a yi maka faɗa. Kunyar faɗin gaskiya ta ɗan lokaci ce, kuma kai kaɗai za ka ji ta. Abin da ka ɓoye kuwa ba ya tsayawa a kanka, kan waɗanda suka yarda da kai yake faɗawa, su da ba su yi maka komai ba.