Tsattsewa, Goɗiyar Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso bakin tabarma.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne.

Wani mutum ne a garin Dutsen Kurciya, ana ce masa Nomau. Sana'arsa gyaran kofaton dawaki. Siriri ne, ba nauyi, ba yawan magana. Duk dokin da ke ƙasar ya san hannunsa, amma shi ko jaki bai mallaka ba. Yana zaune da matarsa Tasalla, ita kuma tana kiwon awaki.

Garin nasu kuwa an daɗe ana yi masa dariya. Kowace shekara bayan girbi garuruwa kan taru a yi sukuwa, a ba wanda ya ci tuta. Shekara talatin Dutsen Kurciya ba ta ga tuta ba. Har maƙwabta suka sa musu suna, wai 'yan rakiya, don dokinsu kullum na wasu yake bi a baya.

Ran nan sai wani falke ya sauka a garin da dawaki daga gabas. A cikinsu akwai wata jar goɗiya, doguwa, 'yar asali, wadda aka san kakanninta har bakwai, dukansu 'yan tsere. Tana da tsohon ciki, ga tafiya ta galabaitar da ita. Da naƙuda ta kama ta sai aka kira Nomau. Ya yi fama tun daga hantsi har la'asar. Goɗiya ta haihu, ta lashi 'yarta sau biyu, ta kwantar da kai, ba ta sake tashi ba.

Falke ya duba ya ga mace aka haifa, ga shi ba uwa. Ya ce ba zai iya jan marainiya zuwa birni ba. Sai ya ce wa Nomau ya ɗauka, in ta rayu tasa ce.

Nomau ya rungumo ta har gida. Tasalla ta dube shi, ta dubi abin da ya ajiye, ta ce, "Maigida, ƙafafu ka kawo mini. Ina sauran dokin?"

Amma kafin ya ba ta amsa ta riga ta ɗauki ƙwarya ta nufi awaki. Ta tatso nono, ta tsoma yatsa, ta sa wa marainiya a baki. Haka suka yi ta yi, ita ta shayar, shi ya shayar, har 'yar goɗiya ta fara tsinkar ciyawa. Ranar da aka yi ruwan farko sai ta zabura, ta zaga tsakar gida sau uku, ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa. Tasalla ta ce wannan ai tsattsewa ce. Suna ya bi ta.

Tsattsewa ta girma a kan harawa da dusa da kanwa. Kullum da safe Nomau ya ja ta zuwa rairayin gulbi, su yi ta kai da kawo har gumi ya keto mata. Ta fito ja kamar uwarta, ga faɗin ƙirji, ga dogon wuya. Da ta cika shekara huɗu, sai Nomau ya ga lokacin sukuwa ya yi, ya shiga neman mahayi.

Ya je wa Mati, gwanin mahayan garin. Mati ya ce namiji ba ya hawan goɗiya a gaban jama'a. Ya je wa Jatau. Jatau ya yi dariya, ya ce a ɗora mata mangala ta riƙa kai taki gona. Ya je wa Dantani. Shi Dantani bai yi dariya ba. Ya zagaya ta, ya shafa ƙafafunta, ya ce tunda yake bai taɓa ganin ƙirjin doki irin wannan ba. Amma yana tsoron bakin mutane.

Nomau ya koma gida ya gaya wa matarsa. Tasalla ta ce, "Kai da ka raine ta, wa kake nema kuma?"

Ya ce, "Na haye hamsin, Tasalla."

Ta ce, "Ita ba ta san shekarunka ba. Nauyinka ta sani."

Sai Nomau ya je ya ari sirdi.

Sukuwar farko a filin garinsu aka yi, dawaki takwas. Da Nomau ya fito a kan goɗiya sai fili ya kaure da dariya. Aka buga ganga, dawaki suka zabura. Tsattsewa ba ta taɓa jin ganga kusa da kunnenta ba, sai ta tsorata, ta ja da baya. Kafin Nomau ya daidaita ta, sauran sun yi nisa. Ya sunkuya, ya kira sunanta. Sai ta miƙe. Ta wuce na bakwai, ta wuce na shida, ta yi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta isa tuta ita kaɗai. Masu dariya suka ce sa'a ce, da ma dawakin garin ba na kirki ba ne.

Sukuwa ta biyu a Rafin Gawo aka yi, dawaki ashirin, fili duk rairayi. Mahayan can sun ji labarinta, sai suka haɗa baki. Ana tashi suka sa ta tsakiya, ɗaya gaba, biyu a gefe, ba ta da wurin fita. Nomau bai yi gardama da su ba. Ya riƙe linzami, ya jira. Rairayi ya cinye ƙarfin ingarmu, suka fara haki, hanya ta buɗe. Ita kuwa a rairayi ta tashi. Ta fita ta bar su suna tuma. Ran nan Dantani ya ratso taro, ya kama mata linzami da kansa, ya ce duk ƙasar nan ba wawa kamarsa, shi da ya ƙi hawanta. Daga ranar kuma ba a sake jin wani ya ce 'yan rakiya ba.

Saura sukuwar birni, mai babbar tuta. A can akwai wani attajiri, Alhaji Barau, yana da wani baƙin ingarma ana ce masa Hadari. Shekara huɗu ba dokin da ya ga gabansa. Mutanen Dutsen Kurciya suka yi tafiyar kwana biyu a ƙasa don su gani. Tasalla ma ta bi su da damin harawa, ta ce 'yarta ba za ta ci ciyawar da ba ta sani ba.

Zagaye uku ake yi. A na farko Hadari ya yi gaba, Tsattsewa tana tsakiyar dawaki. A na biyu ta fito, ta sa hancinta a wutsiyarsa. A na uku suka jera, kafaɗa da kafaɗa. Suna shan kwanar ƙarshe sai Nomau ya ji wani abu ya tsinke a ƙarƙashinsa. Majayin sirdin aro ne, ɗamarar da ta riƙe shi a cikin goɗiya. Sirdi ya fara zamewa gefe, yana jan sa ƙasa, ga kofatan dawaki goma a bayansa.

Nomau ya zare ƙafafunsa daga likkafa, ya damƙi geza da hannu biyu, ya ture sirdi ya faɗi. Ya manne a bayanta, ya ce a kunnenta, "Tsattsewa, ni nawa ya ƙare. Saura naki."

Sai ta shimfiɗa wuya. Mahayin Hadari ya yi ta zuba bulala, Hadari ya yi iyakar yinsa. Suka iso tuta, kanta ya riga nasa. Da aka sauko da Nomau, cinyoyinsa duk sun saluɓe. Mutanen garinsa suka ɗaga shi sama. Tasalla kuwa ba ta je wurinsa ba, tana can tana goge wa goɗiya gumi da mayafinta.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Barau ya nufo su. Kowa ya ɗauka faɗa ya zo yi. Sai ya tsaya, ya daɗe yana kallon Tsattsewa, ya ce bai zo saye ba, don ya san ba za a sayar ba. Roƙo ɗaya gare shi. Duk ranar da za a bar ta ta haihu, a haɗa ta da Hadari, in namiji ne a ba shi. Nomau ya dubi Tasalla, ta gyaɗa kai. Ya ce ya yarda, amma sai ta gama gudunta.

Shekara huɗu Tsattsewa tana sukuwa bayan wannan. Sau goma sha bakwai tana fita, sau goma sha bakwai tana dawowa da tuta. Mata in suna daka sai ka ji suna yi mata kirari, suna cewa ja ta Nomau, mai shan nonon akuya, a hango ki a gaba, a ba da labarinki a baya. Mati da Jatau suka koma neman goɗiyoyi.

Sannan Nomau ya cika alkawari. Tsattsewa ta haifi duƙushi, baƙi kamar ubansa, ƙafafu na uwarsa. Da aka yaye shi Alhaji Barau ya aiko aka tafi da shi, ya sa masa suna Gajimare. Kwana uku Tsattsewa tana haniniya tana duban ƙofa. Nomau ya zauna wurinta bai fita aiki ba har ta koma cin abinci.

Shekaru suka wuce. Gajimare ya girma, ya shiga fili, ya share duk dawakin birni. Babbar tuta ta koma can. Sai mai garin Dutsen Kurciya ya zo gidan Nomau da dattawa, suka roƙe shi ya fito da Tsattsewa sau ɗaya tak. Tasalla ta ce ba ta yarda ba, goɗiya ta manyanta, mahayinta ya tsufa. Nomau ya raka dattawa bakin ƙofa. Da safe ya ɗauko linzami don ya shafa masa mai. Tsattsewa ta ji ƙarar ƙarfe, ta taho har iyakar igiyarta, ta sunkuyar da kai ta buɗe baki.

Tasalla ta gani. Ta ce, "To, ku je. Amma ka dawo mini da ita a kan ƙafafunta."

Ya ce, "Na yi miki alkawari."

Ran sukuwa fili ya cika har kan itatuwa, kowa yana son ya ga uwa da ɗa. Aka buga ganga. A zagayen farko tsohuwa ta bar samarin dawaki suka ƙone ƙarfinsu. A na biyu ta wuce su duka, saura Gajimare. A na uku ta kamo shi, suka jera, ja da baƙi, ƙafa tana sauka tare da ƙafa. Mutanen Dutsen Kurciya suka miƙe tsaye.

Nan ne Nomau ya ji numfashinta ya sauya. Ya san numfashin nan tun ranar da ta zo duniya, bai taɓa jin sa haka ba. Ga tuta can, ba nisa. Ya san in ya dunguri cikinta da dunduniya za ta ba shi abin da ya rage, ko da zuciyarta za ta fashe. Ya ji ihun mutanen garinsa, suna kiran sunansa. Sai ya janye dunduniyarsa, ya miƙe zaune, ya bar ta ta yi gudun da take so. Ba ta sassauta ba. Amma Gajimare ya riga ta da tsawon kai.

Nomau ya sauka, ya kwance majayi, ya sa kunne a ƙirjinta, ya tsaya haka har bugun ya lafa. Wasu samarin garinsu suna ta gunaguni, wai da ya matsa mata da tuta ta dawo. Sai wani ɗan birni ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce, "Baba, yau dai an tsere wa goɗiyar taku."

Nomau ya ɗago kai ya ce, "An tsere mata, ɗana. Je ka tambayi wanda ya tsere mata, wa ta haife shi?"

Sai fili ya ɗauki sowa gaba ɗaya, 'yan birni da 'yan ƙauye. Makaɗan da aka ɗauko don Gajimare suka juyo da gangunansu wajen uwarsa. Samari masu gunaguni su ne suka yi ta rige-rigen ɗebo mata ruwa. Aka taho da ita gida sannu a hankali, Nomau yana tafe a ƙasa, yana riƙe da ragama. Tasalla ta tarye su a bakin gari. Ta duba ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce wa mijinta sannu da zuwa.

Tsattsewa ba ta sake shiga fili ba. Ta yi shekara tara tana kiwo a bakin gulbi, ta haifi 'ya'ya huɗu, duk suka yi suna. Wata safiya da damina Nomau ya kai mata dusa, ya tarar ta kwanta a turkenta, rai ya yi halinsa. A lokacin in doki ya mutu jan sa ake yi bayan gari. Mai gari ya ce wannan ba za a ja ta ba. Maza suka fito da fartanya, suka haƙa rami a gindin tsamiya, suka ɗauke ta a kan itace suka sa ta.

Bayan kwana uku sai ga Alhaji Barau, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya yi wa Nomau da Tasalla gaisuwa. Ya taho da wani kyakkyawan duƙushi, jikan Hadari, ya ce ga shi kyauta, don kada turke ya zauna ba kowa.

Nomau ya shafa wuyan duƙushin, ya yi godiya. Sannan ya mayar da igiya hannun Alhaji, ya ce, "Ka ba masu tasowa, Alhaji. Ni na riga na hau doki."

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta kai turkenta. Ku dai ku riƙe wannan, jikokina: duk abin da ya ba ku ƙarfinsa da zuciya ɗaya, ku san inda ƙarfin ya tsaya, kada ku ƙarar da shi don a tafa muku.