Takalman Malam Rabe

Akwai wani malamin makaranta a Gashua mai suna Malam Rabe. Na san shi, mun sha zama tare a bakin kasuwa. Abin ya faru a 1998 ne ko a 99, ku yi mini uzuri, shekaru sun fara cakuɗe mini.

Da ya yi ritaya, sai ya ƙudiri aniyar rubuta tarihin mahaifinsa, wani ɗan kasuwa Bahaɗeje da ke kai busasshen kifi daga Gashua zuwa tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Mahaifin ya rasu a hanya tun Rabe yana ɗan shekara huɗu, abokan tafiya suka binne shi a can. Har Rabe ya yi furfura bai taɓa tsayawa a kan kabarin ba, don bai san inda yake ba.

Ya gyara ɗakin da ke jikin zaure, ya sa tebur da keken rubutu. 'Ya'yansa duk sun watse neman abinci, gidan daga shi sai matarsa Zulaihat. Ya ɗauka zai samu shiru.

Ina! Wanda ke gida, a wurin mutanenmu ba shi da aiki. Wannan ya zo a rubuta masa wasiƙa, wancan ya zo a karanta masa takardar asibiti. Da sun ga takalmansa a ƙofar ɗaki, sai sallama.

Amma babu wanda ke cinye masa yini kamar Baba Kalli. Tsoho ne daga Katuzu, wanda ya yi wa mahaifin korar jakuna tun yana saurayi. Duk ranar kasuwa sai ya biyo a-kori-kura ya zo, da ɗan ƙullin barkono a hannu.

Ran da ya fara zuwa ya ce, "Rabe, da ni aka yi tafiyar ƙarshe. Da hannun nan na zuba masa ƙasa."

Malam Rabe ya miƙe zaune. "Baba, a ina ne?"

"Kai, ɗan boko da gaggawa! Za mu kai can. Ai ba ka ma san yadda na haɗu da shi ba."

Daga nan ya ɗauko zance tun daga shekarar da ruwa ya ci gadar itace, da wani jaki mai cizo, da rigimar da aka yi kan buhun gishiri. Sai la'asar ya tashi. Mako shida ana haka, ba su ko baro Gashua ba a cikin labarin.

Malam Rabe ya gaji. Ya riga ya yi wa wani mai ɗab'i a Kano alkawarin kai littafin kafin damina. Ya ce a ransa, maganar kabari ai babin ƙarshe ce. Bari in gama sauran, in na iso wurin sai in neme shi.

Ya ce da matarsa, "In Baba Kalli ya zo, ki ce ba na nan."

Zulaihat ta ce, "Malam, ni ba zan yi wa sa'an ubana ƙarya ba. Ka fito ka ce masa kana aiki, ya dawo bayan la'asar. Ai zai ji."

"Da wane bakin zan faɗa masa haka?"

Ya rasa bakin faɗin gaskiya, sai ya samo dabara. Ranar kasuwa ya kwashe takalmansa ya shiga da su ɗaki, ya tura ƙofa, ya ajiye keken rubutu ya ɗauki biro.

Da hantsi ya ji muryar tsohon a zaure. "Salamu alaikum."

Amsa sallama wajibi ne, kuma Malam Rabe ya sani. Sai ya amsa can ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji. Tsohon ya sake, har sau uku. Can ya ji ƙarar sandar tsohon tana nisa. Da ya fito da azahar, ya tarar da ƙullin barkono a bakin ƙofa.

Haka aka yi mako uku. A na huɗu ba wanda ya zo.

Dabara ta yi aiki, har ta wuce yadda ya so. Masu wasiƙa ma suka daina zuwa. Aiki ya yi gudu, babi bayan babi. Sai dai wani lokaci yakan tsinci kansa ya dakata da rubutu yana kasa kunne, ba ya jin komai sai kukan kurciya a kan darbejiya.

Damina ta zo ta wuce. Ko damina biyu ce? Na dai tuna ana girbin shinkafa lokacin da ya iso babin ƙarshe. Ya sayi goro da sukari, ya hau babur ya nufi Katuzu.

Yagana, 'yar tsohon, ita ta tare shi. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, sai yanzu? Yana nan da rai, amma tun ciwon da ya yi, tunaninsa ya tafi. Ni ma wani lokaci da sunan babata yake kirana."

Ta ƙara da cewa, "Zuwansa na ƙarshe wurinka, da farar rigarsa ya tafi. Ya ce ran nan zai ɗauke ka ku je wurin kabarin. Shekara da shekaru maganar tana yi masa nauyi, shi ya sa yake ta kewaye-kewaye."

Malam Rabe ya sami tsohon zaune a inuwa a kan buzu. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Daga ina?"

"Daga Gashua, Baba. Ni ne Rabe."

"Gashua? Madalla. To in ka koma, ka duba mini gidan yaron nan Rabe, ka ga ko takalmansa sun dawo ƙofa. Akwai wurin da zan nuna masa."

Malam Rabe ya ce, "Wane wuri ne, Baba? Faɗa mini, zan kai masa."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa. "Akwai tsamiya," ya ce. "Akwai dai tsamiya."

Tsakanin Gashua da Nguru, wa ya san adadin tsamiya?

An buga littafin, babi goma sha ɗaya, na ƙarshe shafi guda. Daga nan har ya bar duniya, takalman Malam Rabe ba su sake shiga ɗaki ba. In yana aiki yakan leƙo ya ce, "Ka yi haƙuri, dawo bayan la'asar, zan jira ka." Kuma yakan jira.

Darasi: Takarda tana jiranka a inda ka ajiye ta, amma mutum ba ya jira, musamman tsoho. In aiki ya riƙe ka, fito ka faɗi gaskiya, ka sa lokaci, ka cika. Kada ka ɓuya wa wanda ya yi maka sallama. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai tsohon da ya daɗe bai zauna ya saurara ba.