Makon Ɗanjuma Tela

Wai an yi wani tela, Ɗanjuma, mai iyali kamar kasuwa, wanda ya sayi mako guda duk shekara a masaukin wani filin wasa. Da hutu ya zo, manaja ya so ya murɗe.

"Makonka, Malam, sai ranar da babu sauran baƙi."

"To, ranka ya daɗe, a bar yara su ɗan hau lilo."

Manaja ya yarda. Sai ga mata da turmi, surukai da tabarmi, jikoki ba iyaka. Kafin la'asar baƙi sun tattara kayansu.

"Ka kore min baƙi, Malam."

"Duka?"

"Ko ɗaya bai rage ba."

"Alhamdulillahi. Ashe makona ya kama. Ina makulli?"